Kurungun da Aka Bar Mini

Laraba, 29 ga Maris 1961, da hantsi

Littafin nan ba nawa ba ne. Na mai kifin ne, sunanta na nan a bango, ni dai in na ɗauka sai in ɗora babban yatsa a kai. Shafi ɗaya ta cika ta bar sauran fari fat. Ni kuwa Kulu, tun da na gama ajin Yaƙi da Jahilci ban sami inda zan kai rubutuna ba, to ga wuri ya samu.

Ga abin da ta rubuta, da hannunta mai kwanciya gefe guda:

Kada a zubar da ruwan duka. Ƙwarya ɗaya za a kwashe, a mayar da ƙwarya ɗaya wadda ta kwana a randa. Yashi mai laushi a ƙasa, ban da tsakuwa, tana cinye musu gashin baki. Kada a ɗauke fasasshen kaskon da suke ɓuya. Abinci sau ɗaya, da almuru, gara ko tana. In za a ba su a ƙwanƙwasa gilashin sau uku da farce, za su fito.

Ba ta ce da wa take ba. Ranar da za ta koma Kurfi bayan sallah ta ajiye littafin a kan murfin randa, ta ce da bango, “A kula da su.” Ni ma na ce da tsintsiyar hannuna, “An ji.” Haka muke magana ni da ita. Ɗiyata ta fari ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta kallon fuskarsa gaban mutane. Tun yaye uwata, Inno, ta ɗauke ta zuwa Kurfi. Shekararta goma sha biyu yanzu. Inno ce uwa a wurinta, ni kuwa Adda take ce mini.

Jiya da la'asar Rabe ɗan koli ya zo daga Kurfi a kan kekensa. Ya tsaya a zaure da Gogo, yayar maigidan, ni ina bayan zana ina tankaɗe. Na ji ya ce tun Lahadi mai kifin take kwance, kai na sara, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, an fitar da ita rumfunan da aka kafa wa masu irin wannan ciwo a bayan gari. Ban tambaya ba. Na gama tankaɗena na ɗora tukunya, aka ce miyar ta yi gishiri.

Laraba, da almuru

Su huɗu ne, kurungu ƙanana, babbansu bai kai tsawon tafin hannuna ba. Ita ta kamo su da ƙwarya a hutun ƙarshen shekara, cikin ɗan ruwan da ya rage a gindin duwatsun rafi, ta shigo da su zanenta duk laka. Akwatin gilashin da suke ciki kuwa na batirin wayalis ne, wato rediyon Baturen dabbobi. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Malam, maigidana, tunda shi ne malamin dabbobin da ke bin sa rangadi. Malam ya kawo gida bai san abin da zai yi da shi ba. Na so in zuba gero a ciki, ta riga ni.

Duk ta raɗa musu suna. Akwai Liman mai dogon gashin baki, ya fi kowa natsuwa, sai ya wuni a wuri ɗaya. Akwai Gwauro, ba ya shiri da kowa. Akwai Rigingine, wanda in ya ga dama sai ya juya cikinsa sama ya yi ta iyo a haka, ranar farko na ɗauka mutuwa ya yi. Sai Auta, 'yar mitsitsiya mai ɗigo-ɗigo, kullum tana ƙarƙashin kasko.

Kifi dai ga shi ina kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya, bakina bai yi nauyi ba.

Na ƙwanƙwasa sau uku. Gashin baki ne ke fara leƙowa yana lalube, sannan kai ya biyo. Na zuba musu garar da na kakkaɓo daga ginshiƙin rumfa. Ba sa hawowa sama su karɓa, sai abincin ya nutse su bi shi cikin yashi suna shinshinawa. Na zauna ina kallo har 'yar goyona Turai ta farka tana neman nono.

Alhamis, 30 ga Maris, da azahar

Zafi ya kai inda ya kai, ƙadangaru ma sun bar kan katanga. Na jiƙa buhu na naɗe gilashin ta gefe uku, na bar gefe ɗaya don kaina. Gogo ta leƙo ta ce, “Kulu, rijiya na ba da laka, ke kina yi wa kifi fifita. Kifin da ko miya ba zai yi ba.” Na ce, “Amana ce, Gogo.” Ta ce, “Amanar wa?” Ta san ba zan iya amsawa ba, shi ya sa ta tambaya. Tsohuwar nan wajen tsokana ba ta da na biyu.

Na ce ko zan je in gaishe da Inno. Ta dube ni, ta dubi Turai a bayana. Ta ce, “Da goyo za ki shiga garin da ciwo ke yawo? Kuma mutanen Kurfi su ce mi? Su ce ɗiyar Inno ta zubar da kunya ta biyo ɗiyar fari da gudu? Uwarki na kanta, ai ta isa.” Na ce ni gaisuwa kawai na ambata. Ta ce ta ji.

Jumma'a, da asuba

Ƙwarya ɗaya na kwashe, ƙwarya ɗaya na mayar.

Asabar, 1 ga Afrilu, bayan azahar

Barci ya sace ni a gaban gilashin. Na ga ruwa ya cika ɗakin har rufi, amma ban ji tsoro ba, numfashina nake yi lafiya lau. Ƙorena na nono suna yawo a sama a kife. Na fita tsakar gida, nan ma ruwa ne, kore-kore, rana na saukowa cikinsa igiya-igiya. Na kama hanyar Kurfi ina taka yashi, ƙafata ba nauyi. Shanu na wucewa ta samana suna iyo a hankali, ba ƙara ko kaɗan. Liman na gabana, ya yi girman maraƙi, yana share mini hanya da gashin bakinsa. Na hango duwatsun Kurfi, na hango rumfunan, sai na tuna ban zo da dalili ba. In aka tare ni aka ce me ya kawo ki, ba ni da abin faɗa. Na durƙusa ina neman dalili a cikin yashi har Turai ta ja mini ɗankunne.

Lahadi, da la'asar

Rabe ya zo. Ya ce malamin asibiti na zagaya rumfunan safe da yamma, ana yi mata allura, Inno na ɗura mata ruwa da ludayi. Na tsayar da hannu don in ji sosai, sai Gogo ta ɗaga murya daga zaure, “Kulu, na ji rariyar ta yi shiru.” Na ci gaba da kaɗa rariya babu gari a ciki. Ban tambaya ba.

Litinin, 3 ga Afrilu, da la'asar

Malam ya dawo daga allurar shanu a Kuki, ya yi baƙi ya rame. Gogo ta tare shi a zaure ta gaya masa. Ya shigo, na kai masa ruwa, ya sha. Ya tambayi Turai, ya tambayi akuya, ya tambaya ko an gyara zanan da iska ta kayar. Sannan ya tsuguna gaban gilashin ya daɗe. Ya ce, “Waɗannan suna cin abinci kuwa?” Na ce suna ci. Ya ce, “Madalla.” Can ya ce, “Akwai shanu a Wurma da ban duba ba, gobe zan leƙa.”

Ni da shi duk mun san an gama da shanun Wurma tun kafin azumi, mun kuma san daga can zuwa Kurfi ba wata tafiya ba ce. Na ce Allah Ya kiyaye hanya. Na dama masa fura a gora, na ƙulla wata daban a tsumma ban ce ta wa ce ba, shi ma bai tambaya ba.

Laraba, 5 ga Afrilu, da almuru

Ya dawo. Ya jingine keke, ya zo ya tsaya a kan kifin, da su ya yi maganar. Ya ce, “An hana shiga rumfar, daga nesa ake tsayawa.” Ya ce, “An sha kunu ludayi biyu.” Shi ke nan labarin tafiyar kwana biyu.

Haushinsa nake ji, Allah Ya yafe mini. Shi yana da keke, yana da shanun ƙarya da zai fake da su, ya je ya tsaya daga nesa ya gani da idonsa. Ni ko nesan ban samu ba. An sha da kanta ko ɗura aka yi? An buɗe ido? Duk suna nan cike da bakina, na haɗiye su da tuwo.

Alhamis, da hantsi

Yau na tuna wani abu. Lokacin hutun nan, in ta zauna gaban gilashin da hantsi, sai in ɗauko sakar faifaina in zauna gefenta, wai haske ya fi a nan. Ba ta kallona, ba na kallonta, kifi muke kallo. Amma in rana ta shigo ta ƙofa fuskokinmu na fitowa a jikin gilashin, biyu a jere, kifin na ratsawa ta cikinsu. A nan na fara ganin fuskarta sosai. Ashe wushiryarta irin tawa ce, girar kuwa ta ubanta. Wata rana Rigingine ya bi ta kan hancinta a kife, ta yi dariya, idonta ya haɗu da nawa a gilashin. Ba wadda ta kau da kai, tunda ai ba juna muke kallo ba.

Yanzu fuska ɗaya ce ke fitowa, ita ma duk ta zama wata iri.

Asabar, da almuru

Auta ba ta fito ba. Na ƙwanƙwasa har sau tara.

Lahadi, 9 ga Afrilu, da la'asar

Rabe ya zo da hantsi. Ba ta gane kowa, in ji shi, har Inno.

Na kasa zama. Na wanke ƙore duka, na wanke tukwane, na share tsakar gida sau biyu. Da aiki ya ƙare na shiga ɗaki, sai idona ya faɗa kan gilashin, na ga kore ya kama jikinsa, yashin ya yi duhu, ga kashinsu a kusurwa. Raina ya ɓaci. A gidanmu ƙwaryar mace ta yi kore ai an gama da ita wajen gori. Na ce wanne irin riƙon amana ne wannan, ba mamaki Auta ta ƙi fitowa, wa zai ji daɗi cikin ƙazanta?

Na kwashe su da hannu na zuba a kwano. Gwauro ya yi mini kuka, ƙur ƙur, kamar tsohuwar ƙofa, ya kafa mini ƙayar bayansa a babban yatsa, har yanzu zugi yake. Na zubar da ruwan kaf, na watsar da yashin a bayan ɗaki, na dirje gilashin da toka da sabulun salo har ya yi ƙyalli. Na tsinto fararen tsakuwa masu kyau na shimfiɗa. Na cika shi da sabon ruwa, fitowarsa daga rijiya ke nan, mai sanyi. Na mayar da su. Kai, abin ya yi kyau, Gogo ma ta ce yanzu ta ga kifi.

Na san abin da ke shafin farko. Wallahi na sani, amma hannuna ne ya riga ni.

Litinin, da asuba

Liman ya mutu. Gwauro ya mutu.

Litinin, da azahar

Na same su a kife bisa ruwa, fari fat cikinsu. Sai da na taɓa Rigingine na tabbatar shi nasa kifewar ta kullum ce. Shi da Auta suna ta hawowa sama suna kamfatar iska, abin da ba su taɓa yi ba. Na zaga bayan ɗaki na tattaro tsohon yashin da hannu, na tsince tsakuwar nan ɗaya ɗaya na jefar, na kwashe rabin ruwan na mayar da na randa.

Na haƙa ɗan rami a gindin zogale na rufe su biyun. A nan kuka ya zo mini, irin wanda ba ya jin lallashi. Gogo ta same ni a tsugune. Ta ce, “Mi ya faru?” Na ce, “Kifi nake yi wa kuka.” Na jira gori. Ta daɗe tsaye a kaina, sannan ta kwance Turai daga bayana ta saɓa ta a kafaɗa. Ta ce, “To, yi musu da kyau, kada ki rage.” Ta ja zanan ƙofa ta rufe don kada a gan ni daga zaure.

Laraba, 12 ga Afrilu, da la'asar

Rabe ya ce tana ta sambatu, magana ɗaya take maimaitawa, wai ƙwarya ɗaya, ƙwarya ɗaya. Sun kawo mata ƙwaryar fura ta ture, sun kawo ta ruwa ta ture, ba wanda ya gane abin da take nufi.

Ni na gane. Ina bayan zana, na cusa gefen zane a baki.

Jumma'a, da asuba

Ƙwarya ɗaya.

Asabar, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Kwanakin nan ban san barci da ido biyu ba, duk sun cakuɗe. Ina daka sai in ga taɓarya na sauka a hankali kamar cikin ruwa. Muryar Gogo na iso ni daga nesa alhali ga ta kusa. Dutsen garin nan da azahar yana rawa cikin zafi, sai in ga kamar wani babban kasko ne aka kife mana, mu duka muna ƙarƙashinsa muna jiran a ƙwanƙwasa.

Ɗazu na sake ganin ruwan. Wannan karon ta zo da kanta, tana tafiya a jikin rufin ɗaki, kanta a ƙasa, kitsonta na lilo. Ta ce, “Adda, kin ga ba wuya, ki saki jikinki kawai.” Na buɗe baki zan kira ta, sai kumfa ke fita, tana hawa sama tana fashewa. Na farka da jiƙaƙƙen wuya.

Kore ya fara dawowa jikin gilashin. Ban taɓa shi ba.

Litinin, da almuru

Auta ta leƙo, ta ɗauki tana guda ta ja ta ƙarƙashin kasko. Gashin bakinta na dama ya gutsure, aikin tsakuwata ne.

Talata, 18 ga Afrilu, da hantsi

Alhamdu lillahi. Zazzaɓi ya sauka, in ji Rabe, an tashi zaune, an nemi fura da baki. Na zauna a kan turmi. Amma daga nan sai ya rage murya, Gogo ma ta rage tata, suka daɗe suna ƙus-ƙus. Na ji Gogo ta ce, “Inna lillahi,” a hankali. Da ta shigo ta ce mini, “An samu sauƙi,” ta wuce ɗakinta ba ta dube ni ba.

In an samu sauƙi, mene ne na salati?

Jumma'a, 21 ga Afrilu, da la'asar

Shanun Wurma sun sake neman Malam, ya je ya dawo. Ya ce da kifin, “An koma gidan Inno. Ana zama, ana cin tuwo.” Ya tsaya nan. Ban san lokacin da na ce, “Sai me?” ba. Tun da abin nan ya fara ita ce tambayata ta farko. Ya ɗago ya dube ni kamar wata baƙuwa, idonsa ja. Ya ce, “Sai godiya, Kulu.” Ya ɗauki buta ya fita, alhali ba a kira salla ba.

Lahadi, da azahar

Ba wanda ya ce komai. Ban tambaya ba. Na gaji da rashin tambaya.

Talata, 25 ga Afrilu, da almuru

Hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, aka yi ruwan fari, bai daɗe ba amma ƙasa ta yi ƙamshi. Mutane na cewa in ruwa ya sauka ciwon nan yakan kwashe kayansa. Na tari ƙwarya biyu a bakin indararo, na ajiye su kwana.

Shinge, garar nan mai fiffike, ya fito yana ta faɗawa a tsakar gida. Na tsinto cikin tafi na shiga ɗaki, sai na tarar da mutum a tsugune gaban gilashin. Gogo ce, tana ƙwanƙwasawa da farce, ɗaya, biyu, uku, Rigingine ya taho a kife yana kaɗa mata gashin baki. Da ta ji motsina ta miƙe tana gyara ɗankwali. Ta ce, “Dubawa nake ko sun mutu in huta.” Na miƙa mata shingen, ita ta zuba.

Alhamis, 27 ga Afrilu, da hantsi

Ina ba Turai nono Gogo ta zo ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba ba. Ta ce, “Yarinyar nan ta isa yaye, haƙora cike da baki. Ki bar mini ita yau. Uwar da ke yaye kuwa ba ta zama gida ɗaya da ɗa, sai ta yi nisa kwana uku. An ce ƙafar Inno na ciwo, sai ki je ki duba ta.”

Na ce, “Gogo, mutanen Kurfi fa?”

Ta daɗe tana kallon gilashin. Ta ce, “Nawa na fari a rugar Dabawa ya rasu, yana da shekara tara. Tafiyar hantsi ce tsakanina da shi, ban je ba. Aka yi ta yabona, wai Larai akwai kunya. Shekara talatin ke nan, yabon bai taɓa ɗebe mini kewa ba ko na wuni ɗaya.” Ta karɓi Turai daga cinyata. Ta ce, “Tashi ki haɗa kaya. Mai kifewar nan ki bar mini shi, mun saba.”

Malam bai ce a'a ba. Ya ce gobe da safe akwai motar da za ta Katsina, ta Kurfi take bi, zai yi wa direban magana.

Jumma'a, da hantsi, a mota

Auta na cikin 'yar tukunya a cinyata, da ruwanta na gida da yashinta da ɓallin kasko, na rufe da faifai. Duk ramin da mota ta faɗa sai ruwan ya fallatso mini. Nono ya cika yana mini zafi. Wata mata kusa da ni ta ce ko magani ne na riƙe haka, na ce kifi ne. Ta ce na miya? Na ce na gaisuwa. Ta matsa gefe.

Asabar, 29 ga Afrilu, da hantsi, Kurfi

Zan rubuta yadda aka yi jiya.

Na tarar da Inno tana daka. Ta ce, “Kulu? Lafiya?” Na ce an ce ƙafarki na ciwo. Ta dubi ƙafarta, ta dube ni, ta nuna ɗaki da haɓa.

Tana zaune a tabarma, ta ba ƙofa baya, tana kallon hasken da ya faɗo a bango. An aske mata kai. Wuyan nan ya zama siriri, kafaɗun kamar na 'yar shekara bakwai. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Na ɗauka kunya ce, ko fushi, tunda wata guda tana kwance ban zo ba. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Sunan da na riƙe shekara goma sha biyu, wanda ko ranar suna ban maimaita ba, na kira shi. Na fari a hankali. Na biyu da ƙarfi, har kaji suka watse a tsakar gida, taɓaryar Inno ta tsaya.

Ba ta juyo ba.

Inno ta zo bayana ta ce, “Ba ta ji, Kulu. Zazzaɓin ya tafi da kunnuwan duka biyu. Mu muka hana a gaya miki.”

Ban san tsawon tsayuwar da na yi a bakin ƙofar ba. Baƙin ciki ya rufe ni, na kaina da na kunyar da na yi ta tattali. Duk shekarun da kunnenta ke buɗe na yi shiru. Daga baya na shiga, na ajiye tukunyar, na durƙusa a bayanta. Na sa farce na ƙwanƙwasa bayan hannunta sau uku.

Ta juyo. Ta ce, “Adda,” da wata murya mai ƙarfi wadda ba ta san ƙarfinta ba, ta sunkuyar da kai. Na ɗage faifan. Ta leƙa, ta ƙwanƙwasa gefen tukunyar, gutsurarren gashin baki ya leƙo daga ƙarƙashin kasko. Ta yi murmushi har wushirya ta fito. Sannan ta ce, “Ina Liman?”

Na fara ba ta amsa da baki, na tuna. Na ciro littafin nan da fensir na rubuta: Na wanke gilashin da toka. Liman da Gwauro sun mutu. Laifina ne. Ta karanta, ta ɓata fuska irin ta ubanta. Ta ce, “Ai na rubuta.” Na gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon Auta, ta ce, “In rafi ya kawo ma kamo wasu. Amma ni zan riƙa canza ruwan.”

Na sake karɓar fensirin na rubuta: Na kira ki ɗazu. Ta karanta sau biyu, tana bi da yatsa. Ta ce, “Da me?” Na rubuta mata a ƙasa. Ga shi nan a shafin da ke kallon wannan, harafin farko ya karkace, amma ana karantawa: Sauda.

Ta rufe shi da tafin hannu kamar wani zai ƙwace. Ta leƙa ƙofa, Inno ta riga ta koma ga turminta ta juya mana baya. Sai ta ɗago ta dube ni, ba gilashi a tsakani. Ta ce, “Faɗi in gani.”

Ta kafa wa bakina ido, na faɗa. Ta ce ban buɗe baki sosai ba, in sake. Na sake. Har Inno ta sauke tuwo tana sa ni ina sakewa.